Harsashi Mai Tsini

Da hantsi aka kira Sufeto Raed filin koyon harbi na bayan gari. Bindiga ta fashe a hannun Hatim, ɗan Baba Ya'u maƙeri, yana gwada ta kafin a mayar wa mai ita. Ya cika kafin motar asibiti ta iso.

Tsohuwar bindiga ce mai mariƙin ɗanawa a ƙasa. Harsasanta a jere suke kwana cikin bututu, kan kowanne a gindin na gabansa, shi ya sa ake zuba dalmarsu da faffaɗan kai. Waɗanda Raed ya tsinta a yashi masu tsini ne. Ɗaya ya soki na gaba, duka suka tashi.

A maƙerarsa ta unguwar Madinar Masana'antu, Baba Ya'u bai jira tambaya ba. Ya ce shi ya zuba, shi ya ɗura, a tafi da shi, halas, magana ta ƙare.

Raed ya duba mazubin dalmar: faffaɗan kai yake fitarwa. Da magagari aka fiƙe harsasan daga baya, sumul. Ya miƙa wa tsohon guda ya ce ya fiƙe ya gani. Hannun ya yi ta rawa har dalmar ta faɗi ƙasa.

Tun rasuwar matarsa Raed ya san fuskar wanda ya fi son kurkuku da gidansa.

"Baba, wa kake rufa wa asiri?"

Tsohon ya duƙa ya ɗauki dalmar.

Mazen, ƙanen mamacin, ya ce shi ƙofofin ƙarfe kawai yake yi. Raed ya ɗauko magagarin Mazen. Haƙoran sun toshe da dalma.

Mazen ya zauna a ƙasa. Ya ce mako uku bindigar na cijewa, harsashi ya ƙi hawa, mai ita yana ta cewa Baba ya tsufa.

"Na ce in na fiƙe su za su zame. Sun kuwa zame, Sufeto. Sau goma na gwada."

"Nawa-nawa kake sakawa?"

"Ɗai-ɗai."

Da Raed ya kama hannun Mazen, tsohon ya miƙe.

"Ɗana, bar min shi ya ɗaukar min makarar yayansa. Ka dai ga hannuna."

Babu gurbin makara a takardar kamun da ke aljihun Raed.

"Yalla, mu tafi," ya ce wa Mazen a hankali, bai kalli tsohon ba.