Saƙon da Auta Ba Ta Buɗe Ba

Ranar da Auta ta fara ganin bakaniken, motar Babanta ta kai gareji tana fitar da shuɗin hayaƙi. Saurayin ya goge hannu, ya kwance wani tiyo mai kauri. Baƙin mai ya tsiyayo har rabin gwangwani.

"Malama, wannan ita ce intakula, mai sanyaya iskar da turbo ke tura wa inji. Iska kaɗai ya kamata ta bi ta nan. Turbonku ke yoyon mai."

"Ni ina ruwana da sunayensu? Za ta gyaru?"

"Za ta gyaru. Bar min lambarki."

"Saboda motar?"

Ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Da farko dai."

Kafin kayan gyara su iso, hira ta yi nisa. Ita tana ce masa Mai Sifana, shi yana ce mata Sanyin Idona.

Da Baba ya ji labari, sai ya murtuke fuska. "Duk karatunki ki ƙare a wankin kaya masu maiƙo?" Shi dillalin da ya sayar masa da motar yake so ya ba ta, ɗan amininsa.

Dillalin kuwa bai zauna ba. Ya ce wa Baba lafiyar mota ƙalau, bakaniken ya riƙe ta ne don ya riƙa ganin yarinya. Ya ce wa Auta akwai wata mai kai wa Mai Sifana abinci kullum. Bai gaya mata ƙanwar bakaniken ce ba.

Da izinin Baba dillalin ya je gareji ya mayar da tiyo, ya fitar da motar, bakaniken na binsa yana roƙo. Da la'asar bakaniken ya yi ta kiran wayar Auta, ta ƙi ɗagawa. Saƙo ya shigo, ta kife wayar.

Washegari da safe yayanta ya ɗauki motar zai yi tafiya. Waɗanda abin ya faru a gabansu sun ce injin ya yi ta ruri, hayaƙi ya rufe titi, har motar ta shige ƙarƙashin tirela. An tarar da makulli a hannun Yaya. Bai kai asibiti ba.

Sai bayan an binne shi ta buɗe saƙon:

"Sanyin Idona, ko kina fushi ki karanta. Kada kowa ya tuƙa motar nan. In injin dizal ya zuƙi man da ya taru a intakula, zai yi ta gudu da kansa, ko an zare makulli ba zai mutu ba. Don Allah ki gaya wa Yaya."

Kwana uku ko ruwa da ƙyar yake wuce mata.

Dillali ya baza cewa bakaniken ne ya lalata motar. Masu kawo gyara suka janye. Da bakaniken ya zo gaisuwar ta'aziyya, Baba ya kore shi a gaban mutane, shi kuwa ya juya ya tafi.

Ta rubuta masa: "Me ya hana ka faɗa musu ka gargaɗe ni?"

Ya amsa: "In na faɗa, laifin kanki zai dawo. Bar shi a kaina, zan iya ɗauka."

Wata biyu tana haɗiye maganar, tana ramewa. Wata safiya ta durƙusa gaban Baba, ta miƙa masa wayar. "Baba, ni na kashe Yaya."

Baba ya karanta sau biyu. Ya mayar mata da wayar.

"Auta, ni ma sau huɗu ya kira ni ranar. Ni na riƙa katsewa."

Ranar Baba ya taka da ƙafarsa har gareji. Ya tarar da bakaniken zaune shi kaɗai, babu mota ko ɗaya.

"Ɗana, ka yafe min. In har yanzu kana son ta, na ba ka."

Saurayin ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na girgiza.

An ɗaura auren ba kiɗa ba taro, 'yan uwa kaɗai. Dillali bai zo ba. Mama ta kama hannun Auta ta sa a na angon.

"Na rasa ɗa, Allah ya ba ni wani. Ku riƙe juna amana. Allah ya yi muku albarka, ya jiƙan wanda bai ga wannan rana ba."

Duk ɗakin aka amsa da amin, ana share hawaye.