Keken Yini Ɗaya

Ranar da aka karɓe makullin gidan ma'aikata daga hannun Auta, a bayanta ta goya mahaifiyarta ta sauko da ita daga bene, matakala talatin da biyu, hawaye na ɗiga a kan kowace. Inna ba ta da nauyi, shekara huɗu ke nan shanyewar ɓarin jiki na cin ta, amma duk taku ɗaya sai ta raɗa mata a kunne, "Ki yafe mini, Auta... ni na ja miki." Maƙwabta suna leƙe ta tagogi. Jiya-jiyan nan in ta fito rusunawa suke yi suna ranki ya daɗe, yau ga majistare da goyo, ba wanda ya ko kama mata jaka. Kai, duniya!

Ita dai Auta tun tana shekara tara mahaifinta ya rasu. Kafin a share makoki Baffanta, ƙanin mahaifin, ya haɗa gida da fili ya danne, ya ce yarinya mace me za ta yi da gini? Da wankau da guga Inna ta yi mata makaranta, har fatar hannuwanta ta tsattsage. Auta ta gama karatun lauya, ta yi shekara bakwai tana aiki kamar yadda doka ta gindaya, ta ci jarrabawa, hukumar naɗa alƙalai ta tantance ta ciki da bai, sannan aka ba ta kujerar majistare a kan gwaji na shekara biyu. Sharuɗɗan kuwa ta haddace su kamar sunanta: ba kasuwanci, ba zama a kan shari'ar ɗan'uwa, ba karɓar kyauta daga mai ƙara, ko ita ko wanda ke kwana ƙarƙashin rufinta. Saura sati uku cif a tabbatar da ita abin ya faru.

Wata Talata ce aka kawo mata takardun rigimar iyakar fili, ta buɗe ta ga sunan Baffa. Da la'asar ta koma gida, sai ta tsaya cak a bakin ƙofa. Inna ce zaune a baranda cikin sabon keken guragu, ƙarfensa na ƙyalli, hasken rana ya kwanta mata a fuska, ta lumshe ido tana murmushi kamar wadda take wata duniya. Shekara huɗu rabonta da ganin sama!

"Auta, zo ki ga tsuntsaye," in ji Inna. "Ashe har yanzu suna nan... Baffanki ne ya kawo, har hoto ya ɗauke ni. Allah ya karkato da zuciyarsa."

Auta ta durƙusa ta kifa kai a cinyar uwarta ta yi kuka mai isarta. Wata goma sha ɗaya tana tara kuɗin irin wannan keke, magani na cinyewa. Ta ɗago ta ce, "Inna, ba namu ba ne. Shari'arsa na gabana." Inna ta daɗe tana shafa hannun keken, sannan ta miƙa hannunta mai lafiya ta ce, "To ɗauke ni, 'yar albarka. Na ga rana, ya isa."

Kafin magariba Auta ta tura keken ba kowa a cikinsa har ƙofar gidan Baffa. Shi da kansa ya karɓa, babu idon kowa. Ta ce, "Baffa, ka yi haƙuri, doka ta hana ni, gobe ma zan janye daga shari'ar." Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Ni za ki kunyata, 'yar wankau? Za ki ga doka!"

Ai kuwa ta gani. Cikin kwana uku ƙorafi ya isa hukuma, ga hoton Inna a keke, ga rantsuwar Baffa cewa ita ta roƙe shi kyautar, kuma keken yana hannunta ta ɓoye. Aka dakatar da ita, aka tsayar da albashi, aka karɓe gida. Dangi suka yi caa, wasu na cewa ta ci amanar kujera, wasu na cewa ta yanke zumunci, ba wanda ya lura maganganun biyu ba sa haɗuwa. Suka kama ɗaki ɗaya a bayan wani shagon walda. Inna ta daina cin abinci, sai dai ta juya fuska bango tana "Ya Allah, ka wanke mini yarinyar nan ko da bayan raina ne..."

Kwanakin nan Auta ba ta san yadda suka wuce ba. Takan zauna da rana tsaka tana kallon ƙurar da ke yawo cikin hasken da ya ratso ta ɓular kwano, sai ta ga kamar tana kotu, benci-benci duk babu kowa, Inna na tahowa da ƙafafunta sanye da fararen kaya, tana shanya wanki a kan igiyar da ta ratsa tsakiyar zauren. Sai ƙarar walda ta dawo da ita, ta ga baƙar rigar aikinta rataye a ƙusa tana motsi a hankali kamar tana numfashi. Ta tashi ta dama wa Inna abin da ba za ta sha ba.

Ranar zama ta goya Inna har zauren hukuma, domin babu wanda za ta bar wa ita. Shugaban hukumar, wani dattijo mai furfura, ya sa aka ba Inna kujerarsa. Baffa ya sha babbar riga, ya yi bayani har da share hawayen ƙarya. Aka tambayi Auta shaidar mayar da keke, ta sunkuyar da kai ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da kowa sai Allah." Zuciyarta ta gama yanke ƙauna, shekara goma sha shida na wahala sun tafi.

Dattijon ya ce ƙa'ida ba ta yarda a yanke hukunci a kan kyauta ba sai an san darajarta, don haka sun kira mai shagon da sunansa ke manne a jikin keken cikin hoton. Mai shago ya shigo yana ta gaishe-gaishe, ya dubi hoton ya ce, "Kekena ne, ranka ya daɗe, yanzu haka yana shago. Ai mutumin nan bai saya ba. Ranar Talata da safe ya ɗauka wai za a gwada, Laraba da sassafe ya dawo da shi, ya ce matar wansa da za ta hau ta rasu cikin dare. Har ta'aziyya na yi masa."

Inna ta ɗago kai a hankali ta ce, "Malam, ni ce mamaciyar."

Wayyo! Mai shago ya dafe ƙirji yana salati, magatakarda ta ajiye biro ta fashe da kuka. Baffa kuwa gumi na tsiyaya masa har cikin wuyan riga, rowarsa ce ta hana shi ko sayen abin da zai yi sharri da shi. Dattijon ya ce, "Da bakinka ka rantse ka kai kyauta gidan alƙali shari'arka na gabanta, ka kuma rantse a kan ƙarya. Laifi biyu ke nan, kai ka kawo mana shaidar duka." 'Yan sanda suka tasa ƙeyarsa yana kiran Auta da 'yata, 'yata, kalmar da bai taɓa furtawa ba tun rasuwar wansa.

Nan take aka janye dakatarwar, bayan sati ɗaya aka miƙa mata takardar tabbatarwa, aka mayar mata da makulli da albashinta. Ta sake goya Inna suka hau matakala talatin da biyun nan, maƙwabta na rige-rigen ɗaukar jaka. A tsakiyar bene Inna ta taɓa mata kafaɗa.

"Auta, in alƙali ta sayi keke da guminta, dokar taku ta hana?"

Auta ta yi dariya hawaye na zuba. "Ba ta hana ba, Inna."

"To ki sayo mai ƙararrawa. Ina so duk wanda aka gaya wa na mutu ya ji wucewata."