Ruwan da Ke Cikin Tsohuwar Kwamfuta

Shekara biyu ke nan damina tana yi wa mutanen Turba rowa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye, tafkin bayan gari ya tsattsage kamar ƙafa mai faso. A irin wannan yammaci ne, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, Wakili ya shiga ɗakin shirgi ya jawo tsohuwar kwamfutarsa daga cikin buhu.

A da shi ne mai ɗaukar bidiyon biki daga Isa har Sabon Birni. Ranar da matarsa Mairama ta rasu ya naɗe sana'ar, ya tura kwamfutar lungu, shekara tara ba wanda ya taɓa ta. Bidiyo guda ne ya dame shi a ciki: Mairama a tsakar gida ranar ruwan fari, tana dariya tana kiransa. 'Yarsu Tani tana da shekara uku aka yi rasuwar, ba ta san muryar uwarta ba, lasifikar tsohuwar kwamfutar kuwa ta daɗe da mutuwa. Da ƙanensa ya kawo masa sabuwa daga Maraɗi, sai ya yi wa yarinyar alkawari zai kwashe komai ya mayar ciki, ta ji Innarta da kunnenta.

Gwaggo Larai, yayar mahaifinsa, tana alwala ta hango shi ya buɗe bayan kwamfutar yana hura ƙura da baki.

"Wakili, magariba ta fa. Abin da yad daɗe cikin duhu, sallama aka yi mai kahin a taɓa shi."

"Gwaggo, ƙarhe na da waya. Batir ya cika, in na bari sai gobe."

Ko bisimilla bai yi ba, Allah na tuba. Ɗan boko in ya ga waya, gani yake duniya ta ƙare a nan.

Ya haɗa batirin sola, ya soka filashin da zai kwashe kayan a ciki. Hotunan amare da takardun gona suka bi layi suna wucewa, koren zare yana tafiya a allo. Da aka zo kan bidiyon Mairama sai zaren ya tsaya cik. Gidan ya yi tsit, har awaki suka bar tuƙa. Can sai aka ji ƙwas a kan kwano, aka sake jin wani, sannan suka zubo da yawa. Maƙwabta suka fito da bokitai suna kabbara, sun ɗauka ruwa ne. Sama fes take. Tsakuwa ce, baƙa, mai sanyi, irin ta ƙasan tafki.

Washegari ya sake gwadawa da magariba, zaren ya tsaya inda ya tsaya jiya, jifa ta dawo. A rana ta uku randa ta wayi gari a bushe, Tani kuma ta daina magana. Sai ta zauna gaban tsohuwar kwamfutar, a kashe, ta kara kunne a jikinta tana murmushi. Ta sha ruwa kwano bakwai leɓɓanta na tsagewa. Wakili ya kai ta asibiti a Isa, aka auna, aka ce ba a ga komai ba. Ya dawo da ita a bayan babur, ɗaure da zani a jikinsa don kada ta faɗi, yana kuka iska na busar masa da hawayen. Bai taɓa jin kansa ba shi da amfani kamar ranar ba.

Gwaggo ce ta aika garin Bafarawa aka ɗauko Malam Kalilu, wani tsoho siriri da ba ya ɗaga murya. Ya iso bayan la'asar, ya sa aka shimfiɗa yarinyar kusa da kwamfutocin biyu, ya zuba turare a kasko, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta rufe tsakar gida kafin Tani ta miƙe zaune, ta buɗe baki da wata murya ta tsohuwa, mai kauri, kamar daga cikin rijiya.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wa ke nan? Mi kika nema ga ɗiyar mutane?"

"Ni ta tabki ce. Can aka haihe ni, tun ba a sari iccen farko na garin ga ba. Da tabki ya ƙahe na bi gida gida ina neman laima, sai na iske akwatin ga. Cikinai kullum ruwa na zuba, mace na dariya. Shekara biyu ina zaune lahiya. Sai wanga ya zo ya hure ni da baki ba sallama, yana kwashe mani ɗaki."

Wakili ya durƙusa. "Na yi kuskure, ki gahurta. Amma kwahi kawai za ni yi. Naki na nan, ba ya raguwa."

Dariyar da ta fito daga bakin yarinyar ta sa Gwaggo salati.

"Haka kunka ce da tabki. Kowa guga ɗaya, ba ya raguwa."

Malam Kalilu ya yi lallashi, ya yi barazana da ayoyi, ya yi tayin turare da farin zakara na sadaka. Ta ƙi. Sharaɗinta ɗaya ne: a zare filashi, a kai akwatin tsakiyar busasshen tafki a binne, kada a ɗebi ko ɗigo. In an ƙi, za ta zauna a jikin yarinyar, tunda jikin mutum ma akwai ruwa, har ta shanye shi.

Malam ya dubi Wakili. "Ina iya hidda ta da ƙarhi, amma ban lamunce maka abin da za ta bari ba."

Wakili ya dubi tsagaggun leɓɓan 'yarsa. Ya miƙa hannu ya zare filashin.

"To ki ji tausai," in ji shi. "Sau guda. Alkawali na yi a ji muryar uwatta."

Sannan fuskar Tani ta saki, ta ƙyalƙyale da wata dariya da Wakili ya shekara tara bai ji ba.

"Wakili! Aje abin ga ka zo ka kama mani ɗiya, ruwa ya zo!"

Gwaggo ta toshe baki da mayafi. Yarinyar ta yi atishawa uku, ta sulale a kan tabarma.

Kafin a kira sallah Wakili ya saɓa tsohuwar kwamfutar a kafaɗa, shi da Malam suka gangara tafki. Ƙasar ta yi tauri, sai da fartanya ta yi ƙara kafin su binne ta. Da suka dawo ya tarar Tani zaune tana shan kunu, idonta garau, ba ta tuna komai ba. Ta ga sabuwar kwamfutar a buɗe, ta yi murmushi.

"Baba, an gama kwashewa? Yau za ni ji muryar Inna?"

Wakili ya dubi bakin da muryar ta fito ɗazu, da guntun kunu a gefensa. Ya sa babban yatsa ya share mata.

"Sha kununki, uwata," ya ce.