Lamba Biyu Babu Suna

Kai, yaran nan, ba ku da ta ido! Ni za ku tambaya labarin kwamfuta? Kun taɓa ganina da biro? To, tunda kun nace, ku naɗe ƙafa ku yi shiru. Wanda ya yi dariya, kunnensa zai gaya masa.

A nan Daura an yi wata yarinya 'yar sakandare. Kanta yana ja, amma gaggawa ta yi mata yawa. Mahaifiyarta ta rasu tun tana firamare. Abin da ta bar mata tunkiya ce fara mai baƙin kunne. Yarinyar tana kiranta tunkiyar Inna. Kullum sai ta zuba mata dusa kafin ita ta karya kumallo. A shekarar nan tunkiyar tana da ciki.

A makaranta, Malama Haulatu tana koya musu yi wa kwamfuta umarni. Wata rana ta ce, "Yau za mu yi kamus. A cikin kamus kowane abu yana zaune da sunansa. Ki rubuta 'nauyi', ki ajiye lambarsa a gefe. Ki rubuta 'watanni', ki ajiye tasa. In kika kira sunan, lambar za ta amsa."

Sannan ta nuna musu wani abu da suke kira fankshon. Ɗan aike ne a cikin kwamfuta. Ki ba shi saƙo, ya kawo miki amsa.

"Amma ku sani, ɗan aiken nan ba ya tambaya," in ji Malama. "Kamar mai injin niƙa ne. In kwanuka ba su da shaida, layi kawai yake bi. Aka sauya layi, sai ki tafi gida da garin wata. Ku riƙa miƙa masa kowace lamba da sunanta."

Yarinyar ta ɗaga hannu. "Malama, ai wannan tsawaita rubutu ne. Ni ba na manta layi."

"Allah ya sa," in ji Malama.

A gida, babanta Mati dillalin tumaki ne. Malamin dabbobi ya zo ya auna tumakinsu, ya bar maganin tsutsar ciki. Ya ce a bayar gwargwadon nauyi, kuma kada a ba jarirai.

Yarinyar ta karɓi wayar babanta, ta rubuta ɗan aikenta. Ta tsara shi ya karɓi nauyi da farko, sannan watanni. Kamus kuwa ba ta tsaya yinsa ba.

"Baba, faɗa min lambobin, waya ta faɗa mana awon magani."

Mati ya yi murmushi. "Iye, 'yar boko! To bismilla."

Ku kuma kun san dillali. Haƙori yake fara dubawa kafin ya taɓa nama. Bakinsa ya saba da faɗin watanni kafin nauyi. Yadda ya faɗa, haka ta danna.

Suka fara da ɗan rago. Watanninsa da nauyinsa kusan ɗaya ne, don haka awo ya fito daidai da abin da Mati ya saba gani. Ya ce, "Lallai kuɗin makaranta bai tafi a banza ba."

Aka zo kan tunkiyar Inna. Mati ya ce, "Wata sittin, kilo talatin." Ta danna sittin, ta danna talatin. Ɗan aike ya ɗauki sittin a matsayin nauyi. Bai tambaya ba.

Mati ya dubi awon maganin da aka zuƙa a sirinji. "Anya bai yi yawa ba?"

"Baba, kwamfuta ba ta kuskure."

Ita da kanta ta riƙe kan tunkiyar aka ɗura mata.

Washegari tunkiya ta ƙi dusa. Ta kwanta a gindin turke tana nishi. Kafin la'asar ta yi ɓari. Ɗan ya fito fari, da baƙin kunne irin na uwarsa, ko motsi bai yi ba.

Yarinyar ta durƙusa ta rungume wuyan tunkiyar. "Inna, ki yafe min," take ta faɗa. Mati ya juya baya yana goge ido da hularsa. Ya hau babur ya ɗauko malamin dabbobi daga Sandamu.

Malamin ya yi allura, ya ce, "Magani ya ninka. Sauran sai addu'a. Gobe in kuna shakka, ku kira ni kafin ku ɗura."

Da safe yarinyar ta je makaranta ido a kumbure. Ta miƙa wa Malama Haulatu wayar. Malama ta duba, ta ga lamba biyu tsirara, babu suna.

"Wace ce nauyi a nan?"

"Ta biyun, Malama."

"Shi ɗan aiken wa ya gaya masa?"

Sai kuka. Malama ba ta yi faɗa ba. Ta jawo ta jikinta, ta ce, "Share hawayenki, zauna mu gyara."

Suka yi wa kowace tunkiya kamus, nauyi da sunansa, watanni da sunansa. Wajen aika saƙo yarinyar ta rubuta "nauyi", ta sa alamar daidai, sannan talatin. Ta rubuta "watanni", alamar daidai, sittin. Malama ta ce ta juya su, na baya ya dawo gaba. Ta juya. Amsa ba ta canza ba.

"Da haka na yi tun farko..." in ji yarinyar.

"Daga yau haka za ki yi."

Da ta koma gida, tun daga zaure ta ji kukan da ta sani. Ta yar da jaka ta ruga. Ga tunkiyar Inna a tsaye, ƙafafu na rawa, kai a cikin kwanon dusa. Mati yana gefe yana dariya. "Zo ki ƙara mata, 'yar boko. Tun ɗazu ke take nema."

To, kun dai ji. Abin da za ka miƙa wa wanda ba ya tambaya, ka faɗi sunansa, komai saurinka. Kuma in babba ya ce "anya", ka tsaya ka sake dubawa.

Maza ku tashi ku kwanta. Ke Shatu, ɗauke tabarmar nan daga hanya.