Ƙazafin da Aka Yi wa Barira

Ana tsuga ruwa a Bolari ranar da Iro ya watso wa Barira kayanta waje, ɗinkin haƙarƙarinta ko kamewa bai yi ba!

Tun da mijinta Babayo ya rasu a hatsarin tankar mai ya bar ta da 'yarsu Dada, yayansa Iro ya sa wa gidan ido, don a lokacin filaye sun yi daraja a Gombe. Da tarin jini ya kama Barira, shi ya raka ta asibiti a Jos, aka yanke mata rabin huhu. Likita George ya ce wani irin ciwon daji ne da ba a cika gani ba, wanda naman ƙarin yake kama da huhun jaririn da ke cikin uwa. Iro ya ji sarai, amma da ya dawo sai ya baza cewa ɗan tayi aka ciro mata... matar da ta daɗe da fita takaba!

"Yaya, ka ji tsoron Allah!" ta ce, numfashinta na sarƙewa. "A gabanka fa aka yi bayanin nan..."

"Fita, mazinaciya! Dada kuwa 'yar ƙanena ce, ba za ki lalata ta ba!"

Ya fizge yarinyar tana ihu tana kiran Inna. Maƙwabtan da Barira ta sha yi wa kitso kyauta suka rufe ƙofofinsu. Jumma, wata mai tuyar ƙosai a Herwagana, ita ta tsince ta a bakin hanya ta kai ta ɗakinta. Damina ta wuce, wata ta zo, Barira na tari tana kuka: "Ya Allah, Kai ne shaidata... kada in mutu da wannan suna a kan 'yata!"

Jumma ba ta haƙura ba, ta sa Barira ta kai ƙarar Iro kotu. Ta shiga mota har Jos, ta durƙusa wa likitan, ya yarda ya zo gaban alƙali.

"Babu ciki a jikin baiwar Allahn nan," in ji shi. "Ƙari na cire a huhu, kuma da Hausa na faɗa wa mutumin nan."

Alƙali ya kama Iro da laifin ƙazafi. Aka tsala masa bulala a bainar jama'a, aka wuce da shi kurkuku, gida ya koma hannun Barira da 'yarta.

Matan unguwa suka cika tsakar gida suna kuka. "Barira, ki yafe mana, ruɗinmu aka yi!"

Ta rungume Dada, wadda ta rame, ta kuma fara mance fuskar uwarta, ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Na yafe, don numfashina ba zai kai ni riƙo ba," ta ce a hankali. "Amma da kuka ji, wace ce cikinku ta zo ta tambaye ni?"