Gishiri a Gurbin Gidan Laka

Da safiyar ranar da za a kwashe ƙaramin ƙauyen Don Evaristo aka ga gida ɗaya ya ɓace.

Duk wanda ya taɓa bin tsohuwar hanyar Ráquira ya san wurin. Tsohon ya ƙarar da rayuwarsa yana gina Santa Rita da laka, wato ƙauyensu da ruwan dam ya cinye, gida-gida, kowanne bai wuce gwiwa ba. A da motoci har layi suke yi. Sai aka yi sabuwar hanya ta bayan tsauni, tsohon ya rasu, 'yarsa Nubia ta sayar da ƙauyen lakan ga wani mai otal, Barragán.

Saje Pachón ya iso ya tarar Barragán ya shaƙe wuyan rigar Wílmer, ƙanin Nubia.

"Ga ɓarawon nan, Saje. Ko ya fito min da gidana, ko ka rufe shi."

"Sakar masa riga tukuna, ita ba ta yi laifi ba."

Saje ya tsuguna ya duba. Coci na nan da 'yar ƙararrawarsa ta azurfa. Abin da aka ɗauke wani ɗan gida ne na talakawa a bakin rafi. An share gurbinsa tas, ga sawun tsintsiya, ga ɗan tsibin gishiri daidai inda ƙofa take.

Ya dubi Wílmer. "An ce bara ka sayar wa baƙi jakin laka."

"Jaki ɗaya, Saje! Har kabari jakin nan zai bi ni?"

"Jiya kana ina?"

"Wajen wasan jifa na tejo. Tambayi kowa, ni na sha kashi."

"Yaushe rabonka da tsintsiya?"

Nubia ta yi dariya, duk da idonta ya yi ja. "Wannan? Ko gadonsa ba ya kakkaɓewa."

"Ke fa? Ko kin yi da-na-sanin cinikin?"

"Na yi. Amma da ɗauka zan yi, cocin zan ɗauka, shi Baba ya fi so."

"Gidan wa ne wancan?"

"Ban sani ba. Bai sa suna ba. Yakan ce masu gida sun san gidansu."

Saje ya fita bakin ƙofa, wurin Doña Herminia, tsohuwar da ke toya wainar masara a nan tun ranar da aka buɗe wurin. Ya zauna a bencinta, ya karɓi waina ɗaya, bai ci ba.

"Inna, kakata 'yar Santa Rita ce. Ta ce ranar da aka tashe ku, kowace mace sai da ta share ɗakinta, ta zuba gishiri a bakin ƙofa, don kada ruwa ya ce ƙazamai ya kora."

"Kakarka dama akwai surutu."

"Ɓarawo ba ya shara, Inna. Mai neman abin sayarwa ƙararrawa zai ɗauka. Wanda ya yi wannan ba sata ya zo yi ba, tashi ya yi daga gidansu. 'Yan Santa Rita kuwa da ke iya takowa nan, ke kaɗai kika rage."

Ta ci gaba da juya waina har ta ƙone. Can ta ɗage zanen teburinta. Gidan na cikin kwando, an naɗe shi da bargon ulu kamar jariri.

"A ɗakin nan aka haife ni, a nan uwata ta cika. Na ji mutumin can yana cewa zai jera mu a gefen wurin iyo, baƙi su riƙa ɗora kwalabe a kan rufinmu."

"In ban mayar ba, Wílmer za a rufe."

"Wannan shashashan? Ni na goya shi. Ɗauki."

Da Nubia ta gani sai ta fashe da kuka. "Haba Inna! Da kin faɗa min kafin na sa hannu, ai da na ba ki."

"Mutum ya roƙi gidan ubansa?"

Saje ya ja Barragán gefe, ya roƙe shi ya bar mata. Mutumin ya janye ƙara, amma batun gidan, ya ce ciniki ya faɗa. "In na bar ɗaya, gobe kowa ya zo min da kakarsa."

Da la'asar babbar mota ta tafi da Santa Rita a cikin akwatuna. Doña Herminia ta ɗauki tsintsiya ta fara daga gurbin coci, tana bi gida-gida, tana kiran sunan masu shi a hankali. Saje bai koma ofis ba. Ya cire hularsa, ya bi ta a baya riƙe da kwanon gishiri.

Da suka zo bakin rafi ta tsaya ta dafa ƙugu.

"Wancan karon dai ruwa ne ya kore mu," ta ce. "Shi ba a yi masa fushi."