Yatsa na Arba'in

Ku matso, ku rage murya. Wannan a kan Tasi'u ya faru, wani ɗalibin jami'a da ba shi da abokin hira sai kwamfuta.

Akwai wani haske, ɗan'uwan ja, da ido ba ya gani, amma yana ratsa fata ba sai an tsaga ta ba. Shekara biyu Tasi'u na kwaikwayon tafiyarsa a kwamfuta: yadda yake shiga tsoka ya watse, jini ya shanye wani, saura ya fito. Har ya ƙera 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa, ta auna bugun zuciya da wannan haske. Malaminsa ya ce ya gwada ta a kan mutum arba'in kafin Litinin, ko ya maimaita shekara. Ya samu talatin da tara, sai aka tafi hutu. Makaranta ta yi tsit.

Ranar Asabar da magariba, yana zaune a ɗakin gwaji ya rafka tagumi, sai ga tsohuwa a ƙofa da tsintsiya. Ba ta yi sallama ba. An yi ruwa, barandar ɗakin a jiƙe take, amma ba sawun kowa.

"Yaro, yatsa kake nema?"

"E, Iya. Ɗaya ya rage."

"Ga shi. An daɗe ba a riƙe hannuna ba."

Maganar ta soke shi, don shi ma hakan ne.

Ƙa'ida ce, kafin a auna kowa sai an saita na'urar da wani guntun roba mai kama da tsoka, don ta san yadda jikin mutum yake. Ɗoki ya sa bawan Allah ya danna saiti da yatsanta a ciki maimakon robar. Sanyi ƙalau. Hasken ya wuce fit, bai watse ba. Can sai na'urar ta nuna bugu ɗaya. Shiru. Sai wani.

Ya ɗago kai. Tsintsiya kawai ya gani a jingine.

Ranar Litinin malami ya sa yatsa, na'ura ta ce ba kowa, don jikin tsohuwar ta sani a matsayin na mutum. Tasi'u ya maimaita shekara.

Abin da ke ba ni tausayi, gyaran na minti ɗaya ne, robar tana nan a aljihun tebur. Bai taɓa ɗauko ta ba, don kada tsohuwar ta daina zuwa. Kullum da magariba na'urar kan fara bugu a hankali, ba yatsa a ciki, shi kuma ya jawo kujera ya ce, "Iya, sannu da zuwa."

Don haka in an tafi hutu, ku tafi. Kada magariba ta same ku a barandar nan ku kaɗai.